Manaja Yana Cikin Ganye

Karo na uku da aka dawo da Baba, mai wankin mota ne ya riƙo hannunsa har ƙofar gida. A tashar bas ya gan shi, da takalmi ƙafa ɗaya, yana tambayar masu jira wace mota ce za ta kai shi gida, don rana ta yi kuma ba a ba Manaja abinci ba. Auta ya yi godiya, ya shigar da mahaifinsa, ya zaunar da shi, ya wanke masa ƙafar da ta taka titi. Shekarun Auta hamsin da biyu, furfura ta fara cin gefen kansa, amma har yanzu da wannan sunan ake kiransa a gida, kuma ya bi shi har shagon yankan gilashi inda yake aiki.

Manaja kifi ne. Jan kifi mai ƙaton ciki da Baba ya kiwata shekara goma sha ɗaya a akwatin gilashi, tun shekarunsa na ƙarshe a masaƙa. Ya sa masa sunan ne don, in ji shi, ba ya aikin komai sai zagaye da buɗe baki da jiran a kawo. Ya mutu shekara huɗu da suka wuce, wata biyu bayan rasuwar Inna, mahaifiyar Auta. Da ciwon mantuwa ya kama Baba aka dawo da shi wurin Auta, akwatin ya biyo kayansa, aka ajiye shi a lungun da ke tsakanin falo da kicin. A hankali ya cika da abubuwan da ake jin nauyin zubarwa: cajar waya da ta daina aiki, makullan da ba a san ƙofarsu ba, kwalayen magani, takalman da 'yan biyun Auta suka bari kafin su tafi makarantar kwana.

Da yamma, bayan Baba ya ci abinci ya kishingiɗa, matar Auta ta ajiye leda a kan tebur. Sakata ce a ciki, sabuwa, da kusoshinta huɗu. Ita tela ce, kekenta na kusurwar falo, ita ce ke wuni da Baba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sun yi magana da Yaya, babbar yayar Auta, a waya, kuma bakinsu ya zo ɗaya: a sa sakatar a ƙofar ɗakin Baba ta waje. Ba wuni za a riƙa rufe shi ba, sai lokacin da take kan keke ko ta leƙa kanti. Ta ce yau banɗaki kawai ta shiga. Ta ce ta gaji da ɗinki da ido ɗaya, ɗayan yana gadin ƙofa.

Auta ya juya sakatar a hannunsa. Shekara talatin yana kafa irinta a tagogi da ƙofofin mutane, kullum ta ciki, don mai ɗaki ya rufe kansa. Ta waje kuwa bai taɓa sa ta ba sai a sito da kejin kaji. Ya ce ba zai iya ba.

"To ka sayo masa jan kifi," ta ce. "Ka sa a ruwa, ka ce ga Manaja. Kifi duk kifi ne, Baban 'yan biyu, ba da katin shaida yake yawo ba."

Ya ce wannan ma ba zai iya ba. Ta san dalili, don ta sha jin labarin. Baba mutum ne da za ka fasa masa rediyo ya yi shiru, amma ka ce ba kai ba ne ya wuni bai kalli fuskarka ba. Bai cika duka ba. Kallo ɗaya yake da shi, wanda yake ɗora maka ya jira, har sai ka gaji ka faɗi abin da ya faru. Auta ya yi wa abokan aiki ƙarya, ya yi wa masu kawo aiki, ya yi wa matarsa ma 'yan ƙanana. Mahaifinsa ne kaɗai bai taɓa yi wa ba tun yana ɗan shekara tara, kuma yana ganin in ya fara yanzu da tsohon ba zai iya kama shi ba, ya zama kamar wanda ya jira mai gida ya makance sannan ya shiga aljihunsa.

Gaskiyar ma ya gwada ta, sau biyu. Ran farko da ya ce Manaja ya mutu, Baba ya tambaya yaushe, sannan ya tambaya ko Innarsu ta sani. Dole aka gaya masa wannan ma. Ya zauna a bakin gado yana kuka irin na ranar da abin ya faru, har ya ƙi abincin rana. Washegari ya tashi ya tambaya ko an ba Manaja abinci.

Auta ya roƙi wata biyu. Matarsa ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ta ɗauki sakatar ta sa a aljihun kekenta, tare da almakashi da tef, inda hannunta zai riƙa taɓa ta kullum.

Ranar Asabar ya zazzage akwatin. Wannan aikinsa ne, hannunsa ya sani. Ya bi kusurwoyin da reza ya kankare tsohon gam da ya bushe ya yi baƙi, ya goge, ya matsa sabo, ya bi da yatsa har ya kwanta sumul. Bayan kwana biyu ya fitar da akwatin baranda, ya shimfiɗa jarida a ƙarƙashi, ya cika shi da ruwa. Jaridar ta kwana a bushe. Har lokacin bai san abin da zai sa a ciki ba. Yana dai tunanin ko wani kifi dabam, baƙi ko fari, wanda zai ce wa Baba sabo ne, in Allah ya sa ya karɓa.

Shagon mai kifi yana bayan layin masu kayan gini, tsakanin mai fenti da mai gyaran fanka. Dattijuwa ce mai tabarau rataye da igiya, hannun rigarta kullum a jiƙe. Ta tambaye shi yaushe ya zuba ruwa. Da ya ce shekaranjiya, sai ta ce to ba kifi. Sabon akwati kashe kifi yake yi. Ruwan famfo sai ya kwana a bokiti maganin da ke cikinsa ya fita, kuma kada sabulu ya kusanci gilashin. Bayan haka akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda dole su zauna a cikin tsakuwa da soson injin tace ruwa, su ne ke cinye ƙazantar kifi. In babu su, kifin zai mutu a cikin dattin kansa kafin mako. Ta ce a dasa tsirrai, a kunna fitila, a jira mako biyar ko shida. Kuma kowace safiya a barbaɗa ɗan abincin kifi a ruwan, abin da yatsu biyu za su ɗauka, don halittun nan su sami abin ci su yaɗu.

Auta ya ce ta maimaita. A ba ruwan da babu kifi abinci?

"Ruwan ne yake ci, ɗana," ta ce. "Kai dai ba shi."

Ya juya ya tsaya gaban babban akwatinta, wanda ganye ya cika har sama. Ya daɗe yana kallo kafin ya lura ashe akwai kifi a ciki, wani ya gifta ya koma. A nan dabarar ta zo masa, kuma tun a nan ya ji ba ta yi masa daɗi sosai ba. Ya sayi doguwar ciyawa mai kama da ɗamara, da wata mai saurin girma, da mai faɗin ganye wadda ba a binne saiwarta, sai dai a ɗaure ta a jikin itace. Mai kifi ta ce ai abin da ya saya zai ishi akwati biyu. Ya ce haka yake so, cunkushe.

Ya mayar da akwatin falo, kusa da taga amma ba inda rana ke bugawa ba, ya ajiye kujerar Baba a gabansa. Ya shimfiɗa baƙar ƙasa kaurin yatsa biyu, ya rufe da wankakkiyar tsakuwa, ya ɗora faranti ya riƙa zuba ruwa a kansa a hankali don kada ƙasar ta taso. Baba yana kallo har aka zo ɗaurin mai faɗin ganye. Zaren yana ta zamewa daga yatsun Auta. Sai tsohon ya miƙo hannu ya karɓa. Mutumin da ya manta hanyar banɗaki, ya naɗa zaren sau biyu, ya juya babban yatsa, ya ja, ƙullin masaƙa ya zauna ƙarami kamar ƙwayar gero. Ya yi guda shida. Ya ce wa Auta, ba tare da ya ɗago ba, tun yana yaro hannunsa kamar na wanda ya sa safar hannu.

Washegari da safe Baba ya tambaya ko an ba Manaja abinci. Auta ya miƙa masa gwangwanin ya ce, "Ba a zuba ba tukuna, Baba." Tsohon ya barbaɗa, ya zauna, ya sa fuska kusa da gilashin. Ya tambaya ina yake.

"Ganyen ya yi yawa, Baba. Duba dai a hankali."

Baba ya yi dariya ya ce shegen, har yanzu ɓuya yake yi a lokacin aiki. Ya zauna a nan har azahar. Matar Auta ta gama riga biyu a ranar, ba ta tashi daga keke ba ko sau ɗaya don leƙa ƙofa.

Haka aka yi mako biyu. Auta ya zama gwanin amsoshin da ba su da ƙarya a ciki. Ba a zuba ba tukuna. Ruwan yana buƙata. Ban gan shi ba ni ma. Kowace kalma in ka ɗaga ta ka haska, tsaf take. Matarsa tana ji tana taka keke. Wata safiya da ya zo ɗaukar jakar aikinsa ta ce masa, ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji, ita ƙaryar da ta kawo kalma biyu ce kacal, tasa kuwa har wutar lantarki take sha, da fitila da inji. Ya ce bai faɗi komai da ba haka yake ba. Ta ce ta sani, malamin gaskiya, a sauka lafiya.

Maganar ta bi shi har shago. Yana tsaye a kan teburin yanka, ya ɗora ma'auni, ya ja abin yankan, ya ji ƙarar nan siririya. Masu kawo aiki suna ɗauka yanka gilashi ake yi. Ba a yanka shi. Layi kawai ake ja masa, sannan a ɗan danna, shi da kansa ya tsage ta inda aka so. Auta ya tsaya da gilashin biyu a hannu. In wani ya tambaye shi wa ya raba wannan, zai iya rantsuwa cewa shi karce kawai ya yi. Ya ajiye su, ya ɗauko na gaba. Abokin aikinsa ya tambaya ko lafiya, ya ce barci ne bai ishe shi ba.

A mako na uku ya dawo da la'asar ya ji wari tun daga matakala. Ruwan ya zama fari kamar an wanke shinkafa, abinci ya rufe samansa ya kumbura, gwangwanin yana ƙasa babu komai a ciki. Baba ba ya falo. Matarsa ma ba ta nan, kekenta da riga a maƙale a ƙarƙashin allura.

Ya same su a kwanar titi na biyu, suna tahowa. Tana riƙe da hannun Baba, tana ɗingishi, zaninta ya yage a gwiwa. A hanya ta gaya masa abin da ya faru. Kwanaki ke nan Baba yana ba da abinci ya manta, ya sake bayarwa, ita kuma ba ta lura ba don shirunsa ya yi mata daɗi. Yau ya juye gwangwanin duka. Da ruwan ya yi fari ya ce wannan ba akwatinsa ba ne, an canza masa, nasa yana gida. Tana auna wata mata a ɗaki ya fita. Ta bi shi da gudu, ta faɗi a bakin kwalbati. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Da suka shiga gida ta wanke gwiwarta, ta buɗe aljihun keke, ta ɗora sakatar a kan jakar aikinsa, ta koma ta warware ɗinkin da ya karkace.

Auta ya ɗauki sakatar ya je ƙofar ɗakin Baba. Ya ɗora ta daidai tsayin ƙirjinsa, ya sa fensir a ramuka huɗu ya yi alama. Ya ɗauko injin huda, ya sa masa baki. Ta cikin ƙofar yana jin tsohon yana magana shi kaɗai, yana lissafa sunayen injinan masaƙa. Ya daɗe a tsaye da injin a hannu. Daga baya ya naɗe wayar injin, ya je ya mayar wa matarsa da sakatar, ya ce ta ƙara masa mako uku, kuma zai riƙa dawowa da rana ya zauna awa biyu don ta huta. Ta ce mai shagon zai yarda? Ya ce zai riƙa shiga da sassafe ya rama. Ta kalle shi, ta kalli gwiwarta, ta ce Allah ya kai mu.

Niyyarsa ya zubar da ruwan duka ya wanke komai, amma ya fara kiran mai kifi. Ta ce kada ya kuskura, zai kashe abin da ya yi mako uku yana renowa. Ya kwashe abincin da rariya, ya zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, ya mayar da wanda ya kwana, gobe ma haka, jibi ma haka. Ganyen da ya narke ya tsinke shi, saiwar tana nan, za ta sake fitowa. Haka ya yi. Bokiti shida suka jeru a kicin suna kwana, ana tuntuɓe da su. Bayansa ya riƙe.

Maganin yawan ba da abincin kuwa daga matarsa ya fito. Ta ɓoye sabon gwangwanin a saman kabad, kowace safiya ta sa ɗan abin yatsu biyu a tsohon gwangwanin ta ajiye wa Baba. In ya zuba ya manta ya sake ɗauka, sai ya buɗe ya ga wayam, ya gyaɗa kai ya ce ashe an ba shi. Gwangwanin ne yake tuna masa. Auta ya ce wannan dabara ce mai kyau. Ta ce ai ita ba ta karanta littafin ƙarya da gaskiya ba, ɗinki kawai ta iya.

Ruwan ya washe a kwana na biyar. A mako na biyar ya yi garau har kamar babu shi, doguwar ciyawar ta kai sama ta kwanta, mai faɗin ganye ta fitar da sababbi uku a kan ƙullin Baba. Wasu ƙananan dodon koɗi da suka biyo tsirran suna bin gilashin suna share gansakuka. In fitila ta daɗe a kunne, ƙananan kumfa suna tsayawa a gefen ganye su tashi ɗaya bayan ɗaya. Auta kan zauna a ƙasa kusa da kujerar Baba a awa biyun nan na rana, da gajiyar safiya a kafaɗunsa, su biyu suna kallon akwatin da babu kowa a ciki. Sau da yawa barci ke ɗauke shi a zaune.

Amma garau ɗin ne ya kawo matsala. Da ruwan ya yi haske, Baba ya fara gani har bango na baya. Dariyar ɓuyan Manaja ta ragu. Ya fara cewa yau kwana nawa bai fito ba, alhali ba ya riƙe kwana. Wata rana Auta ya farka daga gyangyaɗi ya ga hannun tsohon a cikin ruwa har gwiwar hannu, yana buɗe ganye, yana ɗaga itacen, ƙasa tana tasowa baƙa. Ciyawa uku sun tuge suna yawo a sama. Da ya ciro hannun, Baba ya kalli ƙofar fita, ya fara laluben takalmi da ƙafa.

Auta ya zaunar da shi, ya ba shi shayi, ya sake dasa ciyawar. Da yamma ya ɗauki kwalba ya ɗebi ruwan, ya tafi shagon mai kifi. A bas ya gama yanke shawara: zai sayi jan kifi mai ƙaton ciki, ya sa, ya ce ga Manaja. Ya gaji. Ya ga cewa duk wahalar nan ta mako shida ba Baba ya yi wa ba, bakinsa ya yi wa, don ya zauna da tsabta, kuma matarsa ce ta biya da gwiwarta.

Mai kifi ta ɗiga magani a ruwan kwalbar, ta ɗaga ta duba launi, ta ce ya nuna, yanzu zai ɗauki kifi. Da ya nuna mata babban jan kifi a akwatin ƙasa, ta cire tabarau. Ta ce wannan akuya ce mai iyo. Zai cinye ganyen, ya tone saiwa, cikin kwana goma akwatin ya koma tsakuwa da laka. In shi yake so, da bai wahalar da kansa da shuka ba. Ta ce ita za ta sayar masa, kayanta ne, amma ya sani.

Auta ya tsaya. Ya tuna ƙulli shidan nan. Ta nuna masa ƙanana, tsayin gaɓar yatsa, waɗanda ba sa taɓa ganye: akwai masu ruwan azurfa, akwai baƙaƙe, akwai jajaye. Ya ce ta ba shi guda takwas. Ta tambaya wane launi. Ya ji bakinsa ya ce jajaye. A hanyar dawowa, da ledar a kan cinyarsa tana rawa, ya gaya wa kansa zai ce wa Baba sababbi ne, yau ya sayo su, wanda gaskiya ne. Bai tambayi kansa me ya sa ya zaɓi ja ba, don ya san amsar.

Rana ba ta faɗi ba ya iso. Matarsa tana kan keke, Baba yana kujerarsa da takalmi a ƙafa biyu, abin da ke nufin an sha fama. Auta ya ɗora ledar a saman ruwan ya bar ta tana yawo minti goma sha biyar, yadda aka gaya masa, don ɗumin ya daidaita. Baba yana gyangyaɗi. Ya kwance bakin ledar, ya karkata ta. Suka fita a dunƙule, suka nutse cikin ganye, suka ɓace. Akwatin ya koma kamar jiya.

Sai ɗaya ya fito ta ƙarƙashin itacen. Sai biyu. Baba ya buɗe ido, ya matso da fuskarsa har numfashinsa ya yi hazo a gilashin. Ya sa yatsa yana bi, yana ƙirgawa, ya kai biyar ya rikice ya sake farawa. Keken ɗinki ya tsaya a bayansu.

"Ikon Allah," tsohon ya ce a hankali. "Shekara da shekaru ina ce masa Manaja, ashe mace ce."

Ya yi dariya har da tari. Auta ya buɗe baki zai ce sababbi ne, yau ya sayo su. Kafin ya fara Baba ya juyo, ya ɗora masa kallon nan, wanda ciwon bai taɓa ba, ya jira.

"Auta. 'Ya'yanta ne, ko?"

Babu ganyen da zai ɓuya a bayansa. Ta gefen idonsa yana hango ƙofar ɗakin Baba da ɗigo huɗu na fensir, yana hango takalman da ke ƙafar tsohon.

"Nata ne, Baba," ya ce.

Baba ya ƙara kallonsa kaɗan, sannan ya gyaɗa kai ya koma ga gilashin. Bai kama shi ba.  Tsohon ya tambaya ina uwar take. Daga kan keke matar Auta ta ce ta gaji, Baba, takwas ta haifa, tana cikin ganye tana hutawa, a bar ta. Baba ya ce gaskiya ne, takwas ba wasa ba ne, shi da ya ce biyar. Ya sunkuya ya cire takalmansa da kansa, ya tura su ƙarƙashin kujera.

Da Auta ya wuce kicin da ledar da babu komai, matarsa ta bi shi da ido, ba ta yi masa ba'a ba. Ta miƙo masa sakatar. Ya sa ta a ƙasan jakar aikinsa, ƙarƙashin rezoji da gam. Alamar fensir ɗin bai goge ba, don bai san abin da wata mai zuwa zai zo da shi ba.

Da safe Baba ya tambaya ko an ba Manaja abinci. Ya karɓi gwangwanin, ya barbaɗa, jajayen suka taso suna warwaso. Ya yi mamaki sabo fil, ya yi dariyar jiya, ya juyo ya yi tambayar jiya. Auta yana ɗaure igiyar takalminsa, ya makara. Ya amsa bai ɗago ba, kuma sai da ya kai tsakiyar matakala ya lura cewa yau kalmar ta fita ba tare da ta tsaya masa a wuya ba. Ya ɗan tsaya, ya gyara jakar a kafaɗa, ya sauka ya tafi tashar bas.